Kewar Furar Gida: Kwaɗayi Ne Ko Godiya?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi sawunsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa, akwai wata tambaya da ke yawan tasowa a zukatan ƴan'uwanmu masu zaman ci-rani, tun daga Abijan da Kwatano har Aljeriya da Libiya, amma ba kasafai ake kai ta gaban muƙaddami ba, don ana ganin ta yi ƙanƙanta. Mutum ya bar Adar, ko Gobir, ko Damagaram, shekara biyu ko uku. Yana samun abin kai wa baka, ba ya kwana da yunwa. Amma ran nan yana zaune yana lazimin maraice, carbi na hannunsa, sai ƙamshin furar gida ya faɗo masa a rai, yawu ya tsinke, wani lokaci har idonsa ya kawo ƙwalla. Daga nan sai kunya ta kama shi. Ya ce a ransa: ni da nake neman Allah, yaya ƙwaryar fura za ta shiga tsakanina da zikiri? Anya wannan ba nafsu ba ce take wasa da ni?

Mai wannan tsoro yana da hujja, kuma bai kamata a yi saurin kwantar masa da hankali ba. Magabatanmu ba su ɗauki al'amarin ciki da wasa ba. Imamul Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, ya ware babi guda cur a cikin Ihya'u Ulumid Din a kan karya sha'awa biyu, ta ciki da ta farji, kuma ta ciki ya sa gaba, domin a wurinsa ita ce uwar sauran. Ya tunatar da mai karatu cewa ci ne ya fitar da Annabi Adamu (A.S) da Nana Hauwa'u daga Aljanna. A nan ne aka kawo labarin bayin Allah irin su Maliku ɗan Dinar na Basra, wanda aka ce ya yi shekaru masu yawa ransa na son nono bai sha ba. Ka duba fa, nono, abin da kowace Bafillata ke yawo da shi a ka. Ga kuma hadisin da kowa ya sani na raba ciki uku, kashi ɗaya na abinci, ɗaya na ruwa, ɗaya na numfashi. Bahaushe ma da kansa ya ce kwaɗayi mabuɗin wahala.

Abin da ya fi ban tsoro shi ne labarin Bani Isra'ila a cikin Suratul Baƙara. Allah ya tsamo su daga bautar Fir'auna, ya yi musu inuwa da girgije, ya saukar musu da mannu da salwa, ba noma ba huɗa. Sai suka ce wa Annabi Musa (A.S) sun gaji da abinci iri ɗaya, ya roƙa musu kayan lambu: ganye, da gurji, da tafarnuwa (wasu malaman tafsiri sun ce alkama ce), da adas, da albasa. Waɗannan su ne kayan miyar Masar, abincin gidan da suka tashi da shi. Annabi Musa ya tsawata musu a kan neman musanya mafi alheri da abin da bai kai shi ba. Ga mutane nan, kewar abincin gida ta kai su ga zargi.

To amma kafin mu yanke hukunci, mu ɗora wani labari kusa da wannan. Lokacin da sahabbai suka yi hijira zuwa Madina, zazzaɓin garin ya kama Sayyidina Abubakar da Sayyidina Bilal (R.A). Bilal, in zazzaɓin ya sassauta masa, sai ya ɗaga murya yana begen Makka, yana ambaton ciyayin kwarinta da ruwayenta da duwatsunta. A tuna fa, Makka ita ce garin da aka bautar da shi, inda aka kwantar da shi a kan rairayi mai zafi aka ɗora masa dutse a ƙirji. Duk da haka yana kewar ƙamshin ciyawarta. Da Nana A'isha (R.A) ta kai labari wurin Manzon Allah (S.A.W), bai ce a gaya wa Bilal ya ji tsoron Allah ba, bai ce masa ai kana tare da Annabi me kuma kake nema ba. Addu'a ya yi: Allah ya sa musu son Madina kamar son Makka ko fiye, ya kawar da cutarta, ya sa albarka a cikin sa'inta da mudunta. Sa'i da mudu kuwa ma'aunan hatsi ne, kamar yadda muke da tiya. Wato an yi maganar kewar gida, sai Masoyi (S.A.W) ya haɗa da addu'ar abinci, domin ya san ta inda baƙo ke fara sabawa da gari.

Bani Isra'ila sun yi kewar ƙasar da aka bautar da su, Bilal ma haka. Don me aka zargi waɗancan, aka yi wa wannan addu'a? Ba a albasa laifin yake ba, mutanen Galmi su kwantar da hankalinsu. A ganina bambancin yana ga inda kewar ta juya fuskar mai ita. Bani Isra'ila kewarsu ta sa sun raina abin da ke gabansu, suka mai da ita koke a kan Mai bayarwa, har suka ce wa Annabi Musa ya roƙi Ubangijinsa, sai ka ce ba nasu ba ne. Bilal kuwa ya yi begensa, ya tashi ya yi kiran salla a garin da yake baƙo, bai taɓa neman a mai da shi Makka ta kafin hijira ba. Kewa ita kanta ba zaɓin mutum ba ce, faɗowa take yi kamar atishawa. Abin da aka yi da ita bayan ta zo, shi ne aikin da mala'iku ke rubutawa.

Akwai ma abin da ya fi wannan fitowa fili. Wata rana a ɗakin Nana Maimuna (R.A) aka kawo gasasshen damo. Manzon Allah (S.A.W) ya miƙa hannu, da aka gaya masa ko naman mene ne sai ya janye. Khalidu ɗan Walidu ya tambaya ko haramun ne, ya ce a'a, sai dai ba a saba da shi ba a ƙasar mutanensa, shi ya sa ransa bai karɓe shi ba. Khalidu ya jawo akushin ya ci, Annabi na kallo bai hana shi ba. Mafificin halitta da kansa ya faɗa cewa harshensa yana da garin da ya tashi. Idan haka ne, kai wane ne da za ka ji kunya don bakinka ya saba da miyar kuka? Ka dubi alhazanmu: suna ƙasa mafi tsarki, zamzam a gabansu, amma a cikin jaka akwai garin kuka da daddawa da yaji da kilishi, kuma bayan kwana uku da shinkafa sai ka ga dattijo yana cigiyar inda Hausawa mazauna can ke sayar da tuwo. Hajjinsa bai ragu da komai ba.

Sai dai darasin damo yana da ɓangare na biyu da muka fi saurin mantawa. Annabi bai mai da abin da harshensa ya saba da shi shari'a ba. Mu kuwa muna cin soyayyar fara da yaji muna lashe yatsu, abin da wani baƙo ba zai iya ko kallo ba, amma mu ne za mu je ziyara Kaulaha a kawo mana shinkafa da kifi irin ta Sanigal mu yatsina fuska, ko a yi wa burodin da Buzaye ke gasawa a cikin rairayi dariya, ko a ce abincin mutanen kurmi ba abinci ba ne. Sau da yawa ƙabilanci daga bakin tukunya yake farawa, kafin ya kai ga aure da limanci. Ɗariƙar da ta tara Bahaushe da Bazabarme da Babarbare da Bafillace da Buzu a da'ira guda, ba ta yarda a raba su a kan akushi ba. Abin dariya ma, garba da mutanen Abijan ke alfahari da shi, acake da soyayyen kifi, sunansa daga ƴan Nijar masu sayar da shi ya samo asali. Ɗan'uwanmu yana tsaye yana zuba wa wasu abincin da za su yi kewa in sun bar garinsu, shi kuma ransa na can wurin hurar Tawa.

Yanzu mu tambayi kanmu, wai me ake kewa? In gero ne, ai akwai gero a kasuwannin Abijan da Lome, akwai masu dama fura a kowane zango. Mutum ya saya ya sha, ya ce da daɗi, amma ba ita ba ce. Dalili kuwa shi ne, abin da ya rasa ba a cikin ƙwaryar yake ba. Ka tuna yadda furar nan take zuwa. Tun duku-duku an ɗebo zangarniya daga rumbu an sussuke, an sheƙe, an surfa, an wanke, an daka gari da citta da kanumfari, an dunƙula an jefa a tafasasshen ruwa, an kwashe an kirɓa a turmi, an mulmula, sannan a dama da nono. Rabin yini ke nan na mace guda, bayan ɗiban ruwa da neman itace, kuma gobe ma haka. Kai kuwa kana yaro ka shigo da gudu, ƙafa duk ƙura, aka miƙa maka ludayi. Ba ka noma ba, ba ka daka ba, ba ka biya ko dala ba, ba a ma tambaye ka ko ka cancanta ba. Wannan shi ne karo na farko a rayuwarka da ka ɗanɗani kyauta tsantsa, wadda malamanmu ke kira falala. Duk abincin da ka ci daga baya a ƙasar mutane da guminka ka saye shi, an auna, an ƙirga canji. Wancan kaɗai ne aka ba ka don kai ne. Shi ya sa nake ganin mai kewar furar gida, ko ya sani ko bai sani ba, ya fi kusa da fahimtar ma'anar Arrazzaƙu fiye da wanda ya haddace sharhinsa alhali yana ganin duk abin da ya ci wayonsa ne ya ba shi.

Sunna ma ta san cewa abinci na rarrashin zuciya. Nana A'isha (R.A), in aka yi rasuwa a danginta, mata suka watse, takan sa a dafa talbina, wani kunu mai laushi na garin sha'ir, ta ba ƴan gida, tana mai ruwaitowa daga Annabi (S.A.W) cewa yana kwantar da zuciyar majinyaci, yana kuma tafiya da wani sashe na baƙin ciki. Wani sashe aka ce, ba duka ba. Kunu ba ya dawo da mamaci. Amma iyayenmu mata da ke shiga gidan makoki da kwanon kunu a rufe da faifai, sunna suke rayawa ko da ba su taɓa jin sunan talbina ba.

To ina matsayin Maliku ɗan Dinar da nononsa? Ba mu isa mu ce ya yi kuskure ba. Yunwa magani ce, kuma likita ya san majinyacin da yake rubuta wa ita. Akwai wanda nafsunsa ba ta lanƙwasuwa sai da horo, shi wannan ya nemi jagora, kada ya rubuta wa kansa. Amma akwai wata hanya da wasu manyan suka bi. An ruwaito cewa Shehu Abul Hasan Asshazili ya umarci almajirinsa ya riƙa sanyaya ruwan shansa, domin mai shan ruwan ɗumi in ya yi hamdala da ƙyar take fita, mai shan ruwan sanyi kuwa kowace gaɓa tasa tana taya shi godiya. Duk wanda ya taɓa dawowa daga gona a watan Afrilu ko Mayu ya tarar da randa a inuwa, ba ya bukatar sharhi. Hanyar Maulanmu Shehu Ahmadu Tijjani (R.T.A) kuwa da godiya aka san ta. Saboda haka idan ƙamshin nan ya zo maka a tsakiyar lazimi, kada ka tsaya kokawa da shi, kada kuma ka bi shi ya tafi da kai kasuwa. Ka gane shi a matsayin ni'imar da aka tuna maka, ka gode a zuci, ka koma kan ƙirgenka.

A nan sai na yi gargaɗi, don na san halinmu. Kalmar godiya tana da daɗin fakewa. Mun sha ganin wanda a wurin walima ko Maulidi yake kai loma kamar ana korarsa, yana cewa albarka yake kwasa, alhali na gefensa bai samu ba. Nafsu ta iya sa rawani. Godiyar da ba ta wuce maƙogwaro ba, kwaɗayi ce da aka yi wa wanka. Ana gane ta gaskiya ta wurin abin da ta haifar.

Wurin farko da za a duba shi ne cikin gida. Maza nawa ne a cikinmu suka mai da tuwon Inna bulalar dukan matansu? Mace ta yini a gaban murhu, hayaƙi ya cika mata ido, ta kawo, maigida ya kai loma ɗaya ya ce, wannan ai ba kamar na tsohuwa ba. Wannan ita ce kewar Bani Isra'ila sak, raina abin da ke gaba da sunan abin da ya wuce. Abu Huraira (R.A) ya shaida cewa Annabi (S.A.W) bai taɓa aibata abinci ba, in ransa ya so ya ci, in bai so ba ya bari. Kuma ka sani, malam, tuwon nan da kake kushewa shi ne wanda ƴaƴanka za su yi wa kuka nan da shekara talatin a wata ƙasa.

Wuri na biyu shi ne bashi. Hannun da ya dama maka fura yanzu ya tsufa, wataƙila ba ya iya ɗaga taɓarya. Kana can kana ba abokai labarin daɗin furarta, ka tambaya kuwa ko akwai gero a rumbun? Kowa ya san yadda tiya ke tashi daga bazara zuwa tsakiyar damina, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba. A irin wannan lokaci furar da kake bege ta koma ruwa-ruwa, ba nono, ana sha don a yaudari ciki. Waɗanda suka ga shekarar 2005 a jihar Maraɗi, da dattawan da suka ga ta 1984, sun san cewa abincin gida ba kullum yake da daɗin tunawa ba. Wani abin da ya tashi da shi ganyen tafasa ne, da ƴaƴan anza masu ɗaci waɗanda sai an jiƙa su kwana da kwanaki ana sauya ruwa kafin su ciwu. Uwar da ta yi wannan wahala don ka rayu, ƙwallarka daga nesa ba ta cika mata tukunya. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi, in ji masu magana, amma gidan bai yafe bashinsa ba. Yau aika kuɗi daga kurmi zuwa ƙauye bai fi aikin yini guda ba. Duk ranar da kewar ta motsa, ka ɗauke ta a matsayin ɗan aike.

In kuma tsohuwa ta riga mu gidan gaskiya, ƙofa ba ta rufe ba. Bayan rasuwar Nana Khadija (R.A), Manzon Allah (S.A.W) yakan yanka akuya ya yayyanka naman ya aika wa ƙawayenta. Da abinci ya riƙa raya alkawarin wadda ta tafi. Ƙawayen mahaifiyarka suna nan a unguwa, wasu ba mai leƙa su.

Sannan ga waɗanda ke ƙofar gidajenmu kullum. Yaro ɗan shekara bakwai ko takwas, an ɗauko shi daga ƙauye an kawo shi Damagaram ko Maraɗi karatun allo, yana tsaye da ƴar roba yana jiran ragowar jiya. Kai da gemunka kana hawaye don fura, shi fa? Shi ma yana da Inna, yana da miyar da ya saba da ita, ba shi da wanda zai gaya wa. Mu da muke cewa muna son Alƙur'ani da ma'abotansa, ba a ce mu ciyar da almajiran gari duka ba. Amma gida guda zai iya ɗaukar yaro guda, a san sunansa, a zuba masa daga tukunya lokacin da ake zuba wa ƴaƴan gida, da zafinsa, ba sai ya kwana ya yi tsami ba. Malaman da ke riƙe da yaran nan, waɗanda da yawansu ƴan'uwanmu ne a zawiya, su ma wannan magana ta shafe su, haka iyayen da suka turo su ba guzuri.

Wani abin lura kuma, harshe ba dutse ba ne, ƙauna tana sauya shi. Anas ɗan Malik (R.A) ya raka Annabi (S.A.W) gidan wani tela da ya gayyace shi. Aka kawo gurasar sha'ir da romo mai kabewa da busasshen nama. Anas ya ga Annabi yana bin kabewar a gefen akushi yana tsinta, ya ce tun daga ranar bai daina son kabewa ba. Ba a Madina aka haifi yawancin Muhajirai ba, amma addu'ar nan ta kama su, har dabinon Madina ya zama abincin gida a wurinsu da wurin jikokinsu. Mu ma da muke nesa da ita da dubban kilomita, in alhaji ya dawo ya miƙa mana ƙwaya ɗaya, karɓa muke da hannu biyu kamar saƙo daga garinmu.

Gazali ya ce ci ne ya fitar da mu daga gidan farko. A cikin Suratul Baƙara ɗin nan dai, wadda ta ba da labarin masu neman albasa, an siffanta ƴan Aljanna cewa duk lokacin da aka kawo musu wani ɗan itace sai su gane shi, su ce ai an taɓa ba su irinsa. A ɗaya daga cikin fassarorin malaman tafsiri, abin da suka sani a duniya suke nufi: kama ɗaya, suna ɗaya, ɗanɗano daban. Allah da ya halicci harshe ya san baƙo ya fi sakewa da abin da ya sani, sai ya tarbi bayinsa da shi a ranar da baƙunci ya ƙare.

Allah ya jiƙan iyayenmu mata da suka daka suka dama, ya mai da matafiyanmu gida lafiya, ya sa albarka a tiyarmu da rumbunanmu, albarkar Annabi Muhammadu (S.A.W). Amin.